Fis Marar Shaida a Jakar Surajo

Tsanin Surajo a zaurena yake kwana, yau shekara tara ke nan. Ɗakin da yake haya a bayan kasuwar Batsari bai kai tsawon tsanin ba, ni kuwa zaurena dogo ne, ba kowa a ciki sai ni da ramar da nake tufka igiya da ita. Ta nan na san shi. Ba ɗan'uwana ba ne, ba kuma sa'ana ba. Da ɗana na fari ya rayu, da su ne sa'o'i. Amma mutumin da zai zo ya ɗauki tsani a gabanka da safe, ya dawo da shi da la'asar, shekara da shekaru, kana sanin abubuwa a kansa ko ba ka tambaya ba.

Aikinsa gyaran wutar lantarki. Ba ma'aikacin kamfanin wuta ba ne, ba shi da albashi, ba shi da hular kwano. Tun da hanya ta ƙi daɗi saboda 'yan bindiga, sai a yi wata biyu ba a ga motar kamfani ba. In waya ta tsinke a unguwarmu, ko hadari ya jefa mata reshe, Surajo ake kira. Su ma kamfanin sun san da zamansa. In sun zo, shi ke nuna musu wace waya ta nufi ina.

A Babban Duhu aka haife shi, can ƙasar Safana, gidan Fulani masu noma da kiwo. Hawa ya fara koya kafin komai. Da rani, in ciyawa ta ƙare, shi ake turawa kan gawo ya sassaro wa shanu ganye. Ya ce mini yana ɗan shekara tara yake hawa itacen da manya ke dubawa su fasa, gatari rataye a kafaɗa, shanu a ƙasa sun ɗaga kai suna jira. Har yau in yana kan falwaya, jama'a sun taru suna kallonsa baki buɗe, yakan leƙo ya ce, "Ku tafi, ba ganye nake sara ba."

Shanun nan a yini ɗaya aka kore su, farkon shekarun da abin ya ɓaci. Mahaifinsa bai yi damina biyu ba bayan haka. Surajo ya shigo Batsari da matarsa Asta, da buhun gero, da wata jaka ta fatar akuya. Ya yi dako a kasuwa, ya yi yaron mota, sannan Allah ya haɗa shi da Malam Tayyib, tsohon ma'aikacin wuta da ya ajiye aiki amma bai ajiye tsani ba. Malam Tayyib ya ga yadda ya haye rumfar kasuwa ya gyara kwano, ya ce, "Kai, zo nan. Ƙafa dai akwai, saura kai." Shekara uku Surajo na riƙe masa tsani yana miƙa masa filaya.

Ranar da Malam Tayyib ya rasu, an ɗauke wuta tun safe a gari duka. Ya hau falwayar da ke kusa da tasha, ya taɓa waya da testa, ɗan sukundireban nan mai ƙwai a gindi da ke yin ja in akwai wuta. Bai yi ja ba. Ya kama aiki. Gida na uku daga nan wani bawan Allah ya tada ɗan janareta don fanka, matarsa na jego, zafi ya ishe ta. Surajo na ƙasa riƙe da tsani. Ya ce mini bai ji ƙara ba, bai ji kira ba. Filaya ce kawai ta faɗo kusa da ƙafarsa. Mai janaretan bai san abin da ya faru ba sai da aka buga masa ƙofa.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma Surajo ya yi mini bayanin abin sau da yawa har ya zauna. Ya ce, "Baba Sahabi, waya ba ta san shiga da fita ba. Ƙofar da wutar kamfani ke shigowa gidanka, ta nan taka za ta fita titi in ka bar ta a buɗe." Ƙofar nan ita ce fis: wani baƙin abu mai girman sabulun wanki, a jikin bangon kowane gida ta waje, daidai inda wayar titi ta sauko. In an zare shi, gida ya rabu da titi. In ba a zare ba, wutar da ka haɗa a cikin gidanka, ta janareta ko ta sola, tana iya bin waya ta hau falwaya ta sami wanda ke can.

Daga ranar nan Surajo bai ƙara hawa ba sai ya zaga. Duk gidan da ke da wutar kansa, zai je ya yi sallama, ya zare fis da hannunsa, ya jefa a jakar fatar nan. Ba ya karɓar "na kashe", ba ya karɓar "wallahi ba mai a ciki". Sai ya gama aiki ya sauko, ya mayar wa kowa nasa. Ma'aikatan kamfani suna da wata sarƙar tagulla da suke ɗaure waya da ƙasa kafin su taɓa. Shi ba shi da ita. Abin da yake da shi jakar nan ce, da sanin gidaje.

Mutane suka sa wa zagayen suna jangali. Hamidu mai injin niƙa in ya hango shi tafe da jaka sai ya ce, "To, ga mai jangali. Da a wurinku ake karɓa, yanzu kai ke karɓa a wurinmu."

"Naku mai sauƙi ne," in ji Surajo. "Da la'asar ana dawo muku da shi. Mu wa ya taɓa dawo mana?"

Kowane fis ya yi masa shaida da wuƙa, irin yadda ake yi wa saniya a kunne: wannan tsaga ɗaya, wancan biyu a gicciye. Kafin ya ɗauki tsani yakan zazzage jakar a kan tabarmata, ya bi su ɗaya ɗaya yana kiran masu su. Na Hamidu, na kemis, na gidan liman. Ba ya ƙirgawa. Ya ce a gidansu ba a ƙirga dabba, duba ta ake yi, wadda ba ta nan ido zai faɗa. Ni ne mai ƙirgawa a zuci. Farkon zuwansa zaurena guda huɗu ne.

Sai wuta ta tafi gaba ɗaya. Ɓarayi suka kwashe babbar waya a cikin daji, ba kuma wanda zai shiga dajin nan ya mayar. Shekara uku ba mu ga wutar kamfani ba. Wayoyin cikin unguwa suka zama wurin hutun kurciyoyi, wasu suka tsinke suna reto, ba wanda ya damu. Mai hali ya sayi sola. Surajo ya koyi haɗa ta, kuma duk wadda ya haɗa yakan sa mata makunnin da ke raba ta da titi. Duk da haka bai fasa yi wa fis ɗin gidan shaida ba. Ya ce makunni hannu ke juya shi, hannu kuwa yana mantuwa. Huɗu suka zama ashirin da uku.

A cikin shekarun nan ne aka shiga wani gida a Wagini aka tafi da maigidan, sati biyu bayan ya ɗora faifan sola a kan kwano. Ko solar ce ta jawo, ko ba ita ba, Allah ne masani. Amma kowa ya fahimci abu ɗaya: abin da ke ƙyalli a rufin gida, wani na kallo, kuma yana da wanda yake faɗa wa. Infoma ba a san fuskarsa ba. Yana iya zama wanda kuka tsaya sahu ɗaya da shi. Masu faifai suka sauko da su tsakar gida. Wanda aka riga aka sani ba yadda zai yi. Wanda ya saya daga baya, sai ya yi shiru.

Zan faɗi wani abu da ba daɗi. Akwai masu cewa ƙasa-ƙasa: mutumin nan daga daji ya zo, kuma ba gidan da bai san cikinsa ba. Ba a taɓa kama shi da komai ba. Shanunsu aka fara korewa kafin a taɓa akuyar kowa a garin nan. Amma mai jin tsoro ba ya tuna wannan. Suna gaisawa da shi, suna kiransa mai jangali, ana dariya, in ya wuce sai hira ta ɗan tsaya.

Ina da ƙanwa, Hansai, mijinta ya rasu, tana zaune a gidan ƙarshe na lungun bedi. Ciwon suga gare ta, na allura, allurar kuwa ba ta son zafi. A randa take ajiye ta cikin leda. Wata bazara ta lalata mata kwalba biyu har ta kwanta asibiti. Ɗanta Umar Faruk da ke aiki a Kaduna ya aiko da faifai biyu, da batir, da inbata, wato akwatin da ke mai da wutar batir irin ta gida, da ɗan firij. Ni na ɗauko su daga tasha a kan jaki, ƙarƙashin harawa, sawu uku. Wanda ya haɗa baƙo ne daga Katsina, ya yi aikinsa tsakanin azahar da la'asar ya koma. Ni ina bakin ƙofa ina tufka, don in wani ya zo in ce tana barci. Faifan a ƙasa aka jingine su, bayan rumbu. Hansai ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, ta kuma ambaci sunan Surajo daban.

Fis bai zo mini a rai ba. Waya ta shekara biyu a mace lokacin, kowa ya manta tana da ƙofa.

Bana da bazara aka ce an gyara babbar waya. Wani injiniyan kamfani, Yasir, ya zo ya tara mu a ƙofar mai unguwa. Mai hankali ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce ranar Asabar za a saki wuta, kafin nan a haɗa wayoyin cikin unguwa da suka tsinke. Ya ce zamani ya sauya: da wuta hanya ɗaya take bi, daga can zuwa gidaje, yanzu kowane gida na iya zama ƙaramar tasha. Ya ce akwai wuraren da mai sola ke tura wa layi abin da ya rage masa, da na'urar da ke datse kanta in layi ya mutu, kuma wata rana abin zai zo nan. Amma sai an san wa ke da me. Ya fito da takarda ya ce duk mai sola ko janareta ya ba da sunansa.

Ba wanda ya matso. Can Hamidu ya ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan ina za ta kwana?"

"Ofis."

"Ofis ɗin mutum nawa ke shiga?"

Injiniya ya dubi takardar, ya dube mu, ya ninke ta ya sa aljihu. Ya juya wajen Surajo. "To kai ka san su?"

"Na san su duka," in ji Surajo. Kuma iya gaskiyarsa ya faɗa.

Aikin ranar Alhamis ne. Babban cikinsa falwayar bakin lungun bedi, inda wayoyin lungu huɗu suka haɗu, dukansu a tsinke. Surajo ya ce ƙarfe takwas zai hau, kafin zafi, ya sauko kafin azahar.

Ranar Laraba wajen sha ɗaya na kai wa Hansai zogale. A lungun akwai gidan Yero, wanda ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina tun bara, ƙofar zaure da kwaɗo. Ina wucewa na ga wani haske ta tsagar ƙyaure. Na tsaya na sa ido. Ƙwan fitilar zauren ne ke ci, da rana tsaka, a gidan da ba kowa, a garin da ya shekara uku ba wuta. Gizo-gizo ya yi yana a jikinsa.

Na daɗe a tsaye. Na bi wayar da ido daga bangon Yero zuwa falwaya, daga falwaya zuwa bangon Hansai. Na juya na bi ta ɗaya gefen, falwaya uku, har bakin lungu inda ta tsinke tana reto. Nan ne Surajo zai kama gobe.

Na sami Hansai tana tankaɗe. Bayan mun gaisa na ce, "Akwatin nan naki, ba ya hutawa ne?"

"Yana hutawa, Yaya. Batir ya gaji, kafin asuba ya mutu. Sai rana ta haye rumbu ta sami faifan, wajen ƙarfe goma, ka ji ya yi ɗan kuka ya tashi da kansa."

"Da kansa."

"Ba na taɓa shi. Ni tsoronsa ma nake ji."

Na nemi kujera na zauna. Ƙarfe takwas testa ba zai yi ja ba. Ƙarfe goma Surajo na sama da waya a hannu.

Na yi mata bayani yadda aka yi mini, ta ajiye rariya tana saurare. Na ce, "Dole Surajo ya sani."

"Yaya, ka rantse."

"Na rantse ban san da wannan ba."

"In ya sani Asta ta sani. In Asta ta sani, bakin famfo ya sani. Daga ni sai jikata a gidan nan. Ka san abin da za a ce: tana da ɗa a Kaduna." Muryarta ba ta tashi ba. "Ni ban ce yaron nan mugu ba ne. Ban san wane ne mugun ba, shi ya sa."

"To bari in zare fis ɗin da kaina."

"A waje yake. Gobe kowa zai ga ramin, ya san gidan da aka karɓi jangali."

Wannan gaskiya ne, kuma ban taɓa lura ba. Ranar aikin Surajo, mai son sanin gidajen da ke da wuta ba ya buƙatar takardar injiniya. Bango kawai zai bi.

Na ce ta jira ni. Na koma gida na ɗauko damin rama da ya kusa bushewa. An saba ganina ina shanya a bangon mutane. Na rataye shi a ƙusar da ke saman fis ɗin Hansai, na sa hannu ta ƙarƙashi na ja. Ya yi tauri, sannan ya fito da ƙura da gidan zanzaro. Na jefa aljihu. Da na bi ta gidan Yero na leƙa. Zauren ya yi duhu.

Da na so, da na tsaya nan. Wayar lungun bedi ta mutu, rantsuwata na nan. Amma ina tafe fis ɗin na dukan cinyata, ina tunani. Ni na kai kayan Hansai a ƙarƙashin harawa. Jakuna nawa ne suka shigo unguwar nan da harawa cikin shekara uku? Wayoyi huɗu ne a falwayar nan. Ɗaya kawai na sani.

Alhamis da sassafe Surajo ya gama zagaye ya iso. Muka gaisa, ya tambayi gwiwata, na tambayi Asta da yara. Ya zazzage jaka a tabarma. Da ya juya zai kwance igiyar tsani, na ajiye nawa a tsakiyarsu.

Ya durƙusa ya fara kira. Na Hamidu. Na kemis. Na gidan liman. Na mai cajin waya. Hannunsa ya zo kan baƙon ya tsaya. Ya ɗauka, ya juya shi gaba da baya, ya shafa gefensa da babban yatsa inda shaida za ta kasance.

"Baba Sahabi, wannan ba nawa ba ne."

"Ya shigo garke."

"Daga wane gida?"

"Na yi rantsuwa."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ni ake ɓoye wa?"

"Kowa ake ɓoye wa."

"Ba kowa ke hawa ba, Baba."

Na ci gaba da tufka. Can na ce, "Abu ɗaya zan iya faɗa maka. Wutar gidan nan ba ta tashi sai rana ta ɗaga. Kuma da kanta take tashi."

Ya zauna sosai a tabarma, abin da ba ya yi ranar aiki. Ya riƙe fis ɗin a tafin hannu kamar yana auna nauyinsa. Sannan ya mayar da su duka cikin jaka, har da shi, ya saɓi tsani. Na ajiye tufka na bi shi.

A gindin falwaya jama'a sun fara taruwa. Ya jingina tsani ya ɗaure, ya hau da testa kawai, ya taɓa wayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ba ja. Ya sauko ya nemi inuwa ya zauna.

Hamidu ya ce, "Mai jangali, lafiya? Ka ce takwas."

"Ina jiran baƙo."

"Wane baƙo? Na kashe injina saboda kai, mata sai zagina suke."

"Ka ce su zo su zage ni nan, akwai inuwa."

Tara ta yi. Goma ta yi. Inuwar falwaya ta gajarce. Mutane suka fara raguwa, wasu na cewa tsufa ya fara kama shi. Da sha ɗaya ta wuce ya tashi, ya yi bisimilla, ya hau. Ni na riƙe tsanin. Ya taɓa ta lungun bedi, ba komai. Ya taɓa ta biyu, ba komai. Ya miƙa hannu ga ta uku, wadda ta nufi lungun marina. Ya kare ɗan ƙwan da tafin hannu saboda rana, ya daɗe yana kallo.

Ya sauko a hankali. Waɗanda suka rage suka matso.

Ya ce, "Wayar marina da rai."

"Wane irin rai?" in ji Hamidu. "Ba namu na jakarka ba?"

"Naku na jakata."

Ba wanda ya dubi lungun marina. Abin da na lura da shi ke nan. Mutum kusan talatin a tsaye, kowa ya sami wani wuri daban ya ajiye idonsa.

Surajo ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ba na son sanin gidan kowa. Na gaji da sani. Daga yau jangali na kowa ne: mai sola, mai janareta, mai aci-balbal, da wanda ya kulle gida ya tafi. Duk bangon da waya ta sauka sai na ga rami. In kowa da rami, ba wanda ramin ya nuna."

Wani ya ce gidaje sun fi ɗari da hamsin, yaushe za a gama. Wani ya ce nasa ya tsufa, in aka ja farfashewa zai yi. Surajo ya kwance igiya ya saɓi tsani. "To ku nemo mai hawa."

Ba a sami mai hawa ba. Mai unguwa ya sa aka yi shela. Jakar fata ba ta ɗauka ba, sai da Asta ta kawo buhu. Sauran yinin Alhamis da safiyar Juma'a yana bin bango, yana yi wa kowane fis shaida, har wuƙar ta dakushe. Na je na ɗauke ramata daga bangon Hansai. Raminta ya zama kamar na kowa. Ta leƙo ta ce, "Yaya, ya tambaya?" Na ce sau ɗaya, bai ƙara ba. Sai ta ƙulla kuka da daddawa ta ce in kai wa Asta, kada in ce daga ina.

Bayan an sauko Juma'a, rana na tsakiya, ya hau. Ya ce daga yanzu ya bar hawa da sanyin safiya, gara zafi, lokacin da duk abin da ke ɓoye ya farka. Ya taɓa huɗun. Ya sake taɓawa. Ya kama aiki. Awa biyu ina riƙe da tsani ban ɗaga kai ba. Ƙasa nake kallo, kusa da ƙafata, inda filaya za ta faɗo.

Ba ta faɗo ba. Da ya sauko, kafin a raba buhun, ya ɗaga fis ɗaya a gaban kowa ya nuna yadda ake cire siririyar wayar cikinsa a mayar da shi bango wofi. Ya ce wanda ya san yana da abin da ba a sani ba, ya yi haka, in ba haka ba gobe babbar wuta za ta shigo ta gamu da tasa. Fis marar shaida kuwa ya miƙo mini bai dube ni ba. Na yi wa Hansai yadda ya nuna. Asabar da hantsi aka kawo wuta, yara suka yi ta tsalle a titi. Jim kaɗan wani warin roba da ta ƙone ya taso daga lungun marina. Ba wanda ya fito, ba wanda ya ce daga gidansa ne.

Yanzu aikin da yake yi a safiya ɗaya kwana biyu yake ɗauka. Asta ta roƙe shi ya bari. Ya ce mata gonarsu ta Babban Duhu ba ta shiguwa, me zai koma yi. Ran nan yana mayar da tsani ya ce mini, a hankali, akwai gidajen da wayarsu ba ta bi ta fis ba ma, an zagaye shi ta cikin bango tun shekarun baya, ko ka zare ba ka raba komai ba. Na ce guda nawa. Ya ce, "Da na ce na san su duka, Baba. Yanzu ba na faɗar haka." Sola rana ke tada ta, ana iya jiranta. Janareta kuwa hannu ke ja, kowane lokaci.

Tun daga Alhamis ɗin nan ni ke riƙe masa tsani. Ya ce gwiwata ba za ta ɗauka ba, na ce idona ne ya tsufa, kunnena na nan. In yana sama ba na hira da kowa, ba na amsa gaisuwa. Ina sauraren gidaje, ko zan ji an fisgi igiyar inji a bayan wani bango, in kira shi kafin injin ya kama. Ban sani ba ko murya tana riga wuta isa. Ban tambaye shi ba.

Shekaranjiya hadari ya tsinke waya a falwayar tasha, wadda Malam Tayyib ya hau. Jiya Surajo ya yini yana bin bango da buhu. Ya ce in ba shi sabuwar igiya, na tufka masa mai riɓi uku. Yau da azahar zai hau.